Makashin Haya a Fim: Waye Jarumi, Waye Matsoraci?

Yau zan ɗan warware muku wani irin fim, wato fim ɗin makashin haya.

Waye shi?

Mutum ne da ake biya ya kashe wani, galibi tsohon soja ko ƙwararren maharbi. Sojan haya ɗan uwansa ne, sai dai shi yaƙi ake ɗaukarsa ya yi. Kusan kullum baƙo ne a garin da ya zo aiki, kuma yana da hanyar fita. Ku riƙe wannan, shi ne mabuɗin zancen.

Finafinai uku

Sholay (1975): Thakur ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru (Amitabh Bachchan da Dharmendra), su kamo masa Gabbar Singh, ɗan fashin da ke karɓar hatsi a hannun mutanen Ramgarh.

Shooter (2007): Mark Wahlberg ya fito a maharbin Amurka. An harbe wani babban limamin coci na Habasha aka ɗora masa, don kada limamin ya tona yadda aka shafe wani ƙauye saboda bututun mai.

The Gunman (2015): Sean Penn ya harbe ministan ma'adinai na Kongo bayan ministan ya soke kwangilolin kamfanonin waje, sannan ya gudu daga ƙasar.

A na biyu da na uku za ku ga bindigar baƙo ba ta zuwa haka kawai, akwai mai ko ma'adini a bayanta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Jarumta da tsoro

Dabarar masu fim ita ce su nuna 'yan gari suna karkarwa, don baƙon ya haska. Amma ni a wajena babban jarumin Sholay shi ne makahon limamin nan. Gabbar ya kashe masa ɗansa Ahmed, mutanen gari suka tsorata suna neman a miƙa Jai da Veeru, shi kuwa ya tsaya ya ƙi. Ba bindiga, ba ido, ba wurin gudu. Matsoraci na gaskiya kuwa shi ne irin sanatan cikin Shooter, wanda ke aika wasu su yi kisa alhali ƙura ko taɓa rigarsa ba ta yi ba.

Mu a nan fa?

Ɗan Tsafe ko Bungudu ba sai an fassara masa Gabbar ba. Ya san ƙauyukan da ake ɗora wa haraji kafin su girbe gonarsu. Shi ya sa nake jin haushi idan wani a gidan kallo ya kira mutanen Ramgarh ragwaye. Wanda ya biya don yaransa su kwana da rai ba rago ba ne, wanda ya kamata ya kare shi ne bai zo ba.

Batun baƙi ma ba a fim ya tsaya ba. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, ta ce baƙin da ke wuraren haƙar su fice. Ranar 31 ga Oktoba 2020 kuma sojojin Amurka suka dira arewacin Najeriya cikin dare, suka ceto ɗan ƙasarsu guda da aka sace kusa da Birnin Konni a Nijar, suka koma abinsu.

Don haka in kun zauna kallo, ku tambayi kanku: wa ya biya shi, me ake nema a ƙasar, kuma wa zai kwana a garin bayan ya tafi? Ku ajiye min amsarku a ƙasa, da sunan fim ɗin da kuke so mu taɓa a gaba.