Mutum ɗaya, fasfo biyu: wanne ake miƙawa a kan iyaka?

Maƙalarmu ta wannan mako a kan masu shaidar zama 'yan ƙasa biyu ne, da takardar da ya kamata su nuna idan sun zo iyaka. Amsar tana cikin tarihi.

Kafin Yaƙin Duniya na Farko, mutum kan ratsa yawancin ƙasashen Turai ba a tambaye shi takarda ba. Yaƙin ne ya tsaurara tsaron iyakoki. A 1920 aka yi taro a Paris ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, aka amince fasfo ya zama ɗan littafi mai tsari iri ɗaya. Sai wata matsala ta kunno kai: wanda ƙasa biyu ke cewa nasu ne fa?

A 1930 aka zauna a birnin Hague na ƙasar Holan. Sashe na 4 na yarjejeniyar da aka cimma ya tanadi cewa ƙasa ba za ta tsaya wa ɗanta a gaban wata ƙasa ba, idan shi ma ɗan waccan ƙasar ne. Wato kana taka ɗaya daga cikin ƙasashenka, ɗanta ne kai kaɗai a idonta, ko da wane fasfo ke aljihunka.

Labarin Nazanin Zaghari-Ratcliffe ya nuna nauyin wannan ƙa'ida. 'Yar Birtaniya ce kuma 'yar Iran. An kama ta a filin jirgin saman Tehran a Afrilun 2016, kuma da yake Iran ba ta amince da zama ɗan ƙasa biyu ba, ta hana jami'an Birtaniya ganinta. Sai a Maris na 2022 ta koma wurin mijinta da 'yarta.

A nan gida ma ba a daɗe da buɗe ƙofar ba. Gana ta gyara tsarin mulkinta a 1996, sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wa haifaffen ɗan ƙasa damar riƙe wata ƙasar, Nijar ta biyo baya a 2014. Dokar Kamaru ta 1968 kuwa ba ta yarda ba.

Daga wannan tarihi aka samu dokar tafiya: kowace ƙasa taka, ka shige ta kuma ka fita da fasfonta. Dokar Amurka ta wajabta wa 'ya'yanta haka, Kanada ma tun 2016 tana neman fasfonta daga 'ya'yanta masu shigowa ta jirgi. Ɗan Najeriya mai fasfon Birtaniya da ya zo Kano, koren fasfo zai miƙa wa jami'in shige da fice, zuwa da komawa. Ranar komawa kuma zai nuna wa kamfanin jirgi na Birtaniya, don a san yana da izinin sauka can. A ƙasa ta uku ya zaɓi wanda ba ya buƙatar biza, amma ya fita da wanda ya shiga da shi, domin a nan hatimin yake.

Wanda duk ke rubuta labarin matafiyi, ya tabbata ya san fasfon da jaruminsa ya miƙa, domin shi ke nuna wanda zai tsaya masa ranar da ta ɓaci. Muna jiran tsokacinku.