Hukuncin da ke cikin aikatau na raguwa a Ingilishi

Ƙamusoshin Ingilishi kan jera dwindle, wane, ebb, abate, subside da peter out wuri guda, tamkar ma'anarsu ɗaya ce, wato abu ya ragu sannu a hankali. Wannan jeri yana ɓatar da ɗalibi, domin kowane aikatau cikinsu yana ɗauke da hukuncin mai magana kan abu biyu: ko raguwar asara ce ko sauƙi, kuma ko abin zai dawo ko ya tafi ke nan.

Wane da ebb suna cikin harshen tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066. An fi sanin na farko da wata, wanda ke ƙanƙancewa bayan daren sha huɗu, na biyu kuma da ruwan teku idan ya janye daga gaɓa. To, wata yana sake cika, teku ma yana sake kawowa. Saboda haka wanda ya ce farin jinin wata jam'iyya ya yi ebb, bai yanke mata ƙauna ba, ko ya sani ko bai sani ba.

Abate ta Faransanci ya shigo, subside kuma daga Latin, kuma sun fi zama da abin ƙi: guguwa, ambaliya, raɗaɗin ciwo, fushi. Nan Bahaushe ba baƙo ba ne, don shi ma zazzaɓi da rikici yake cewa sun lafa, ba ya cewa arzikinsa ya lafa.

Dwindle kuwa na abin so ne, kamar kuɗi, abinci ko jama'ar gari. Ya tsiro daga tsohuwar kalma mai nufin ramewa, kuma yana cikin wasan Henry IV na Shakespeare, inda Falstaff, ƙaton mutum, ke kukan wai yana zubewa. Peter out ya yaɗu daga bakin masu haƙar ma'adinai a Amurka a ƙarni na 19, waɗanda ke faɗinsa ga jijiyar ma'adini da ke sirancewa cikin dutse har ta ɓace. Babu dawowa a nan.

Wani zai ce masu harshen ba sa tuna wata ko teku idan suna magana. Gaskiya ne, amma kalmomin da aikatau ya saba tafiya da su suna riƙe masa ma'anar ko an manta asalinsa. Don ganin tasirin zaɓin aikatau, a dubi Tafkin Chadi. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari na shekarun 1970 da 1980 ya zuƙe mafi yawansa, daga baya kuma wani ɓangare ya farfaɗo. Rahoton da ya zaɓi dwindle ya riga ya share fage ga shiri irin na Transaqua, na janyo ruwa daga kogunan yankin Kwango. Wanda ya zaɓi ebb kuwa hankalinsa zai fi komawa kan masunta da manoman da suka daɗe suna bin ruwan, su yi su idan ya kawo, su shuka masara da wake a inda ya janye.