Takarda da Gumi: Darasin Dokar Amurka ta 1986

Duk lokacin da aka ta da zancen baƙin haure, tambayar da nake fara yi ita ce: wa ke cin moriyar rashin takardarsu? Tarihin Amurka ya ba ni amsa.

Daga 1942 zuwa 1964, Amurka ta riƙa ɗauko leburorin gona daga Meksiko a ƙarƙashin shirin Bracero. Da aka rufe shirin, gonakin Kalifoniya ba su daina neman ma'aikata ba, leburorin ma ba su daina zuwa ba. Izini kawai ya gushe. Ta haka mai gona ya samu ma'aikacin da ba ya iya kai ƙara in an danne masa lada, domin tsoron kora ya ɗaure masa baki.

Ranar 6 ga Nuwamba, 1986, Shugaba Ronald Reagan ya rattaba hannu kan dokar da ta halatta zaman waɗanda ke cikin ƙasar tun kafin 1 ga Janairu, 1982, da kuma leburorin da suka yi aƙalla kwana 90 a aikin gona cikin shekarar da ta ƙare a Mayun 1986. Kimanin mutum miliyan 2.7 suka samu izinin zama. Dokar ta kuma yanka tara ga duk wanda ya ɗauki mara izini aiki da saninsa.

Takardar ta ba lebura ƙafa. Da yawa sun bar gona suka nemi aiki mai tsoka a birane, ladansu ya ɗaga. Amma gurbin da suka bari bai zauna fanko ba. Takardun jabu suka yawaita, tarar ta zama kurin banza, ƙofar halal da aka bar wa masu zuwa daga baya kuwa ta yi ƙunci. Zuwa 2007, marasa izini sun kai kusan miliyan 12.

Mu a Afirka ta Yamma ɗaya hanyar muka gwada, wato kora: Gana a 1969, Najeriya a 1983. Gidaje sun watse, ƙaura ba ta tsaya ba. A ganina, afuwa ta fi kora adalci, amma afuwar rana ɗaya tana biyan bashin jiya ne kawai. Muddin gona na kiran ma'aikaci, doka na korarsa, mai danne lada ne zai ci riba.