Yadda Bankuna Suka Gaji Tashar Jiragen Ruwa ta Landan

A shekarar 1802 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta West India a Isle of Dogs, wata kwana da Kogin Thames ya yi a gabashin Landan. Fataken sukari ne suka matsa aka gina ta, saboda ɓarayi sun addabi jiragensu a kan kogi, shi ya sa aka kewaye ta da doguwar katanga kamar ganuwa. Sukarin kuwa gumin bayi ne daga gonakin rake na Jamaika da maƙwabtanta.

Fiye da shekara 150 unguwannin yankin suna ci daga ruwa, ko da yake cin ba shi da tabbas. Kowace safiya 'yan dako kan yi cincirindo a bakin ƙofa, shugaban leburori ya zaɓi waɗanda ya ga dama, sauran su koma gida hannu rabbana. Tashar ta sha bama-baman Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ta kuma farfaɗo. Abin da ya ga bayanta akwatin ƙarfe ne. A 1956 Ba'amurke Malcom McLean ya soma jigilar kaya a kwantena, jiragen kwantena kuma sai ruwa mai zurfi da fili mai faɗi. Ciniki ya koma Tilbury da Felixstowe. Tsakanin 1967 da 1981 aka rufe tashoshin cikin gari ɗaya bayan ɗaya.

A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa hukumar LDDC domin raya yankin, kuma a nan tarihin ya ɗauki hanyar da yake kai har yau. An karɓe ikon ba da izinin gini daga hannun zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi, aka damƙa wa shugabannin da minista Michael Heseltine ya naɗa. A 1982 aka yafe wa masu zuba jari a Isle of Dogs haraji iri-iri. Mazauna suna neman masana'antu da gidajen haya masu sauƙi, hukumar kuwa ofisoshi take nema, kuma ba ta buƙatar ƙuri'ar kowa. Takaici ya sa a 1986, ana tsakiyar bikin ƙaddamar da aikin Canary Wharf, mutanen unguwa suka sako tumaki da ƙudan zuma a kan manyan baƙi.

Tumaki ba su hana komai ba. Kamfanin Olympia & York na Kanada ya kammala One Canada Square a 1991, bene mai hawa 50, tsayinsa mita 235, sannan ya karye a 1992. An yi gaggawar gina ofisoshi kafin a gina hanyar zuwa: ƙaramin jirgin ƙasan da aka buɗe a 1987 bai isa ba. Sai da layin Jubilee ya iso a 1999 wurin ya cika, bankuna irin su HSBC da Barclays suka tare.

Yau jiragen shaƙatawa ne ke kan ruwan da aka sauke sukari, gidajen bakin ruwa kuma sun fi ƙarfin jikokin 'yan dako. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda benayen ke cikinta, tana sahun gaba a Birtaniya wajen yawan yaran da ke tasowa cikin talauci. A Yunin 2020 aka cire mutum-mutumin Robert Milligan, mai bayi a Jamaika kuma jigo a gina tashar, daga gaban tsohon rumbun sukarin da aka mayar gidan tarihi.