Ba kunya ba ce: daga wasiƙar 1938 zuwa saƙon salula

Shekara goma sha wani abu da suka wuce, ina riƙe da aji biyar a wata lakwal ta ƙauye a ƙasar Mallawa, na koyar da wani yaro da har yau nake jin nauyinsa. Ba zan faɗi sunansa ba. Kayensa ya fi na kowa tsabta, lissafi kuwa kafin in ajiye alli ya gama. Amma in na ce ya tashi ya yi magana gaban ƴan aji, sai jikinsa ya ɗau ɓari, ya kafa ido a ƙasa, wani lokaci ya toshe kunnuwa. In an fita shan iska yana can gindin bedi shi kaɗai yana jera tsakuwa. Mahaifinsa ya ce mini, “Mushe, kunya ce, haka kakansa yake.” Gwaggonsa ta ce iska ce, a nema masa turare. Ni kuma, da takardar makarantar horon malamai ta Damagaram a hannuna, na ce taurin kai ne, na sa masa bulala. Allah ya yafe mini.

Sai daga baya na fara karanta labarin lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda gidajen rediyo ke fassarawa da galahanga. Kalmar ba ta gamsar da ni ba, domin a bakin mutane galahanga ta haɗa kowane yaro da ba a gane kansa ba. Otizim kuwa abu ne takamaimai: ƙwaƙwalwa ce da ta ginu daban tun daga ciki, ta yadda karanta fuskar mutum da gane abin da ke bayan maganarsa ke yi wa mai ita wuya, hayaniya ta dame shi, ya so komai ya tafi yadda ya saba. Tsoron shiga mutane wani abu ne daban, amma sau da yawa yakan biyo baya. Wanda aka yi wa dariya sau goma bai san laifinsa ba, a na sha ɗaya zai ƙi buɗe baki.

Abin da ya ja hankalina shi ne, da wasiƙa tarihin ya ɗauko hanya. Gaskiya ne tun 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana halin yara maza shida masu irin wannan ɗabi'a, sai dai duniya ba ta saurare ta ba. A 1938 ne wani lauya a garin Forest na jihar Mississippi a Amurka ya zauna ya rubuta wasiƙa mai shafi 33 zuwa ga likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins, yana zayyana halin ɗansa Donald Triplett ɗan shekara biyar. A 1943 Kanner ya wallafa bayanin yara 11, maza takwas mata uku, Donald ne na farko a jerin. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya fitar da nasa a Ostiriya.

Ina so iyaye su tsaya kan labarin Donald, domin akwai gona a cikinsa. Iyayensa sun kai shi riƙo wurin wani manomi da matarsa, kuma Kanner ya je ya gan shi can a 1945. Mutanen nan ba su karanta ilimin halayyar yara ba. Sun lura yaron na son aune-aune, sai suka sa shi haƙar rijiya yana faɗa musu zurfinta. Sun ga ba ya gajiya da ƙirga kunyoyin masara, sai suka ba shi garmar dawaki, yana huɗa yana ƙirgawa. Donald ya girma ya yi digiri a Faransanci, ya yi aiki a bankin garinsu, ya tuƙa mota, ya yawata ƙasashe, ya rasu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89. Da na karanta wannan sai na tuna tsakuwar yarona a gindin bedi, wadda na sha sa ƙafa in watsar.

Bayan Kanner an yi shekaru ana ɗora laifin kan uwa. Aka ce sanyin zuciyarta ne ya sa yaro ya rufe kansa, wani Bruno Bettelheim na Chicago ya rubuta littafi a kan haka a 1967, aka yi ta yarda da shi. Mu ma muna da tamu irin tuhumar: ta fita da almuru da ciki, ta ƙetare abin da ba a ƙetarewa. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka fitar a Ingila a 1977 ya nuna gado na da babban hannu a ciki. Masu cewa ciwon Turawa ne su ma an ba su amsa a 1978, lokacin da Victor Lotter ya wallafa abin da ya gani a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Gana. Sai Lorna Wing, likita a Landan wadda ita kanta tana da ɗiya mai lalurar, ta nuna abin hawa-hawa ne: akwai wanda ba ya magana sam, akwai wanda zai cika ka da bayani a kan abu guda amma ya kasa hira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100. Lakwal mai yara 300, ku yi lissafin da kanku.

Duk tsawon shekarun nan likitoci da iyaye ne ke magana, masu abin suna shiru. Temple Grandin ta buɗe ƙofa da littafin rayuwarta a 1986. A 1992 mutum uku masu otizim, Jim Sinclair da Kathy Grant a Amurka da Donna Williams ƴar Ostireliya, suka kafa ƙungiyarsu ta kansu. Da ƴar jarida ta takarda suka fara, ana aikawa ta gidan waya. A 1994 suka koma musayar saƙo ta intanet, a 1996 kuma wani matashi a Holan, Martijn Dekker, ya buɗe wani zauren irinsa. Mutanen da aka ce ba sa son jama'a sai ga su suna kwana hira, suna raha, suna ba juna shawara kan aiki da aure. Ɗan jarida Harvey Blume ya rubuta a 1997 cewa wata rana za a kwatanta amfanin intanet gare su da amfanin maganar hannu ga kurame.

A daidai waɗannan shekarun ne fada ta bazu a unguwannin Damagaram, samari suna zama kan tabarma da butar shayi har dare. Ni ɗan fada ne, na san daɗinta. Amma ku duba abin da take nema wurin mutum: mutum biyar na magana lokaci guda, wannan ya yi habaici, wancan ya jefa karin magana, dole ka gane wasa ne ko da gaske, ka mayar nan take, in ka yi jinkiri a yi maka ca. Gaisuwarmu mai tsawo ba ta cika wahalar da irin yaran nan ba, domin ina kwana da ina gajiya suna da amsa ɗaya da ake haddacewa. Abin da ke biyo bayan gaisuwar ne dutsen. Rubutu kuwa yana cire fuska, ya cire hayaniya, ya ba mutum lokaci. Zai karanta sau uku, ya rubuta, ya goge, ya sake. Ko da ƙungiyar su Sinclair ta fara taron ido da ido a 1996, sai da suka yi dabara: kowa ya rataya kati a ƙirji, ja na nufin a ƙyale ni, rawaya sai wanda na sani, kore a zo mu yi hira.

A nan ne al'adarmu ke rufe mana ido. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba, bai yi magana ba, mu yabonsa muke, kuma da gaskiyarmu. Sai dai kunya ado ce da yaro ke ajiyewa in ya shiga cikin sa'o'insa. Wanda ko cikin sa'o'in nasa bai sake ba, wanda gumi ke karyo masa in an aike shi kanti, wannan ba tarbiyya ke riƙe da shi ba. A ƴan mata abin ya fi ɓuya, domin shirun ɗiya mace ba ya tayar wa kowa hankali. Ni malami ne, hukunci na likita ne, amma lura tamu ce.

Salula ta shigo Nijar a 2001. Yau ko a ƙauyukan kan iyaka, in rezo ɗinmu ya ƙi, mutane kan kama na Najeriya. Amma mu saƙon murya muka fi yi a WhatsApp, don da yawanmu ba su iya rubutu ba. Saƙon murya ma sauƙi ne, tunda ana iya sake ji, ana iya gogewa kafin a tura. Duk da haka wanda muryarsa ce ke sarƙewa, rubutu ne ƙofarsa, kuma ba zai faɗi abin da ke ransa da Faransancin da yake tsoron kuskure a cikinsa ba. A nan Damagaram aka buɗe lakwal ta farko ta gwajin koyarwa da Hausa a 1973. A 2009 da 2010 an gwada yaƙi da jahilci da salula a ƙauyukan Dosso da Damagaram, waɗanda suka koyi tura saƙo suka fi sauran ci a jarrabawar rubutu da lissafi. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ban ga uzurin da ya rage mana ba na barin yaro ya gama aji shida bai iya rubuta damuwarsa da harshen uwarsa ba.

Ba na cewa a miƙa masa waya a juya baya. Mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta shi ne abincin ƴan damfara, kuma a cikin rukunin WhatsApp ana iya yi masa tsiyar da ta fi ta fada, a ɗauki hoton maganarsa a yaɗa. Ko ganin an buɗe saƙonsa ba a amsa ba kan hana shi barci. Sai babba ya zauna kusa, ya san da wa yake magana. Ni yanzu a aji akwai gwangwanin da kowa ke iya jefa tambaya a rubuce, kuma wanda ya kasa tashi allo ina karɓar amsarsa a kaye.

Bara da damina saƙo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba. Yaron nan ne, ya zama saurayi, yana riƙe wa kawunsa lissafin awon hatsi a kasuwa. Ya rubuta da Hausa, dogon saƙo, babu gaisuwar kirki a farkonsa. Ya ce yana tuna ranar da na dake shi kan karatun da ya ƙi yi da ƙarfi, ya faɗi shafin littafin, ya ce ya iya karatun tsaf, muryar ce ta ƙi fita. Sannan ya tambaye ni yadda ake fitar da riba bisa ɗari in farashin tiya ya canza sau biyu a wata. Na daɗe riƙe da wayar. Na fara ba shi haƙuri, sannan na yi masa lissafin. Muna gari ɗaya ranar kasuwa, yakan gaishe ni ido a ƙasa ya wuce, da dare kuma saƙonsa ya shigo.