Kiɗan da Bartók ya rasu bai ƙarasa ba

Har yau makaɗan biyola ba su daina musu a kan kiɗan da Béla Bartók ya bari ba: wane bugu ne nasa, wane ne na masu gyara?

Biyola yayar biyolin ce, gogen Turawa mai kaurin murya. Ta daɗe tana zaman 'yar amshi. Telemann ya tsara mata kiɗan jagaba tun ƙarni na 18, Berlioz ma ya taɓa ta a 1834, daga nan sai ɗan abin da ba a rasa ba. A 1929 William Walton na Ingila ya rubuta nasa, makaɗin biyola Lionel Tertis ya ƙi karɓa, Paul Hindemith ya kaɗa shi a Landan.

William Primrose, gwanin biyola ɗan Sikotilan, ya nemi Bartók ya tsara masa kiɗan da biyola za ta ja gaba, babbar ƙungiyar makaɗa na mara mata baya. Bartók yana gudun hijira a Amurka tun 1940, ga ƙarancin kuɗi, ga sankarar jini na cin jikinsa. Ya yi aikin a Saranac Lake a bazarar 1945. Cikin Satumba ya rubuta wa Primrose cewa daftari ya kammala, saura raba wa kowane kayan kiɗa nasa kaso. Ranar 26 ga wannan watan ya rasu a New York.

Abin da aka tarar 'yan shafuka ne masu wuyar karantawa, cike da gajerce-gajercen da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Aikin ya faɗa wuyan abokinsa Tibor Serly, ɗan asalin Hangari kamarsa, wanda shi ma makaɗin biyola ne. Sai ranar 2 ga Disamba 1949 Primrose ya kaɗa shi a Minneapolis, Antal Doráti na jagorantar ƙungiya.

Masu suka na cewa Serly ya yi shisshigi, ya sauya wasu sautuka, ya ƙara abin da babu shi a takarda. Shi ya sa a 1995 Peter, ɗan Bartók, tare da Nelson Dellamaggiore suka fitar da sabon bugu, Csaba Erdélyi ma ya yi nasa. Na yarda sun fi bin rubutun sau da ƙafa. Amma ban yarda Serly ya ci amana ba. Shi ya san mutumin ido da ido, shi ya cike layukan ƙarshe na kiɗan fiyano na uku na Bartók, kuma ya san inda yatsa ke iya kaiwa a wuyan biyola. Daftari ba wasiyya ba ne. Bartók kan gyara aikinsa bayan ya zauna da makaɗi, kuma bai samu wannan zama da Primrose ba. Masu gyaran 1995 ɗin ma da bugun Serly kunnuwansu suka saba kafin su buɗe waɗancan shafuka.