Jirgi Mai Kwal a Ƙasar Sakkwato da Injinan da Suka Rage

Jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi ya yi shekara saba'in da wani abu yana kai da komo a Arewacin Najeriya, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga birnin Sakkwato ba. Reshen layin dogo da aka nufo yamma da shi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, kuma har yau nan ne ƙarshensa. Duk da haka fatun Sakkwato da audugarta da gyaɗarta da matafiyanta sun dogara da wannan jirgi, sai dai kowa da komai sai ya fara cin tafiyar kilomita 200 da ɗoriya kafin ya ji usur ɗinsa.

Farkon layin dogo a Arewa ƙarami ne ƙwarai. A 1901, shekara biyu kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato, gwamnatin Lugga ta shimfiɗa wani siririn layi tsakanin Zungeru da Wushishi, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kawai, aikinsa kuwa kwaso kaya daga jiragen ruwa zuwa sabuwar hedikwata da ke Zungeru. Kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila ne ya ƙera 'yan injinan da suka ja shi.

Babban aiki ya zo ne da Gwamna Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya yi suna wajen gina layin dogo a Sudan. A zamaninsa aka fara layin Baro zuwa Kano a 1907, mai tsawon mil 356. Ana kawo ƙarafa da injina ta kogin Kwara, a sauke su a Baro lokacin da ruwa ya cika. Ƙarfin da ya sare daji ya tara ƙasa kuwa na talakawa ne, waɗanda aka riƙa ɗebowa ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Da tsabar kuɗin Bature ake biyansu, kuma wannan ya taimaka wajen ture wuri daga kasuwanni. Dogo ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Legas, wanda aka fara tun 1896, suka zama reluwe guda mai faɗin ƙafa 3 da inci 6. Kafin a gama gadar Jabba a 1916, a kan jirgin fito ake ƙetarar da taragu.

Turawa auduga suka sa wa rai don masaƙun ƙasarsu, manoman Kano kuwa suka duba farashi suka rungumi gyaɗa. Wannan lissafi na amfanin gona shi ne ya ja reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, domin ƙasar Katsina ta kudu da ƙasar Zamfara wuraren auduga da gyaɗa ne. Gusau, wadda a da ba ta kai manyan garuruwan daular ba, ta cika da kantunan kamfanoni da injin gurzar auduga da baƙi daga kudu. Nauyinta ya kai ga hukumar Sarkin Musulmi ta tura Ahmadu Bello can a 1938, shekarar da aka naɗa shi Sardauna, don ya kula da gundumomin gabas. Fatun jar akuyar Sakkwato, waɗanda a da ayarin raƙuma ke ƙetara Sahara da su, suka koma bin hanyar Talatar Mafara zuwa tashar Gusau, a kan jakuna da raƙuma da farko, daga baya a cikin manyan motoci.

Shekarar da layin ya isa Ƙaura ita ce shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye. An ƙarasa reshen Kano zuwa Nguru a 1930, daga nan aikin sabon layi ya tsaya cik har 1958, lokacin da aka fara na Barno, wanda ya kai Maiduguri a 1964. A tsakanin nan motar ɗaukar kaya ta riga ta kama hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Ko masana'antar siminti ta Kalambaina, da ta fara aiki a shekarun 1960, a kan titi ta dogara, alhali siminti na cikin kayan da aka fi sanin jirgi da ɗauka. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, Gusau da Ƙaura suka tafi da tashoshinsu, jihar Sakkwato ta wayi gari ba ta da dogo ko taku ɗaya.

Shi kan jirgi mai kwal, tsarinsa ba shi da wuyar fahimta, riƙonsa ne ke da wuya. A bayansa akwai murhu, a gaban murhun akwai doguwar tukunyar ƙarfe cike da ruwa, wadda bututu masu yawa suka ratsa ta ciki. Zafin wuta na bi ta bututun ya tafasa ruwa, tururi ya taru da ƙarfi, direba ya buɗe masa hanya zuwa silinda, ya riƙa tura fistin gaba da baya, sandunan ƙarfe su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, kuma fitarsa ce ke zuƙo iska ta cikin murhu, shi ya sa wutar ke ƙara ruruwa duk lokacin da injin ke jan nauyi. A manyan injina akwai tarago na musamman manne a baya mai ɗauke da kwal da ruwa.

Mutum biyu ne a kan injin, direba da mai wuta. Mai wuta na tsaye da shebur, yana watsa kwal a kowane lungu na murhu don kada wani gefe ya yi rami iska mai sanyi ta shiga, idonsa ɗaya a kan agogon ƙarfin tururi, ɗaya a kan gilashin da ke nuna yawan ruwa. Idan ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya bushe, ƙarfe na iya yin laushi tukunya ta fashe, don haka ake dasa wasu matosai masu dalma a rufin, waɗanda ke narkewa su saki tururi cikin wuta a matsayin gargaɗi na ƙarshe. Kafin hawan tudu sai ya gina wutarsa tun da sauran tafiya, domin tukunya ba ta amsawa nan take. Duk wannan a cikin zafin bazara na ƙasar Zamfara, ga murhu a gaba ga rana a sama. Ba a zama direba sai an bi matakai: yaro ya fara da goge inji a shago, ya zama mai wuta, ya shekara da shekaru, sannan a ba shi jirgin kaya, daga baya na fasinja. Inji mai sanyi kuwa sai an hura masa wuta sa'o'i da yawa kafin ya motsa, a hankali, don kada ƙarfe ya buɗe da gaggawa ya tsage.

Abu biyu suka fi wahalar da reluwe a wannan yanki, ruwa da kwal. Inji na shan ruwa fiye da yadda yake cin kwal nesa ba kusa ba, saboda haka sai da aka kafa tankuna da rijiyoyi da famfuna a tashoshi, kuma da rani koguna na ƙafewa. Ruwan da ke da kanwa ko ƙasa yana barin farin datti a jikin bututu, irin wanda ke kama cikin butar mai shayi, ya hana zafi ratsawa, don haka dole a riƙa kashe inji ana wanke tukunyarsa a kai a kai. Kwal kuwa da farko daga Birtaniya ake kawo shi. An gano shi a yankin Udi a 1909, layin Fatakwal ya isa Inugu a 1916, aka haɗa layin gabas da Kaduna ta Kafanchan a 1927, aka gama gadar Makurɗi a 1932. Ke nan duk shebur ɗin da aka watsa a murhu a Gusau ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, kuma jirgin da ya kawo shi ma kwal ya ci. Mahaƙan Inugu da 'yan sanda suka harbe su 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949, su ne masu tono wannan makamashi.

Injinan da tsofaffin ma'aikata suka fi tunawa su ne waɗanda aka fara kawowa a 1948 daga masana'antar Vulcan ta Ingila, aka raɗa wa kowanne sunan wani kogin Najeriya. Tsarin ƙafafunsu 2-8-2 ne, wato ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, ƙanana biyu a baya ƙarƙashin murhu. An faɗaɗa murhunsu don ya dace da kwal ɗin Inugu, kuma ƙirar ta yi kyau har reluwen Afirka ta Gabas ta ɗauki samfurinta. Akwai kuma dogayen injina samfurin Garratt na kamfanin Beyer Peacock, masu tukunya ɗaya rataye tsakanin injina biyu, waɗanda ke raba nauyinsu a kan ƙafafu da yawa don su bi dogo mara ƙarfi.

A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a shekarar kuma injinan dizal na farko suka iso. Ga yankin da ruwa ke da tsada kwal ke da nisa, dizal sauƙi ne babba: a tayar da shi cikin mintuna, ba toka, ba tsayawa shan ruwa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal daga Inugu, ya ƙara gaggauta sauyin. A cikin shekarun 1970 masu kwal suka yi ta ɓacewa daga aiki, aka jera su a bayan shaguna, ciyawa ta rufe, 'yan gwangwan suka yi gaba da mafi yawansu.

Kaɗan ne suka tsira. Ɗaya daga cikin injinan Wushishi na 1901 yana ajiye a Minna. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana riƙe da injinan siririn layin Bauchi, wanda ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru saboda kuza har aka rufe shi a 1957. A Ebute Metta ta Legas, hedikwatar reluwe, wasu tsofaffin injina na nan a harabar, kuma ƙungiyar Legacy mai kare gine-ginen tarihi ta gyara wani gidan ma'aikata na 1898 ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi a 2010. Ana kiransa Gidan Jaekel, da sunan Francis Jaekel, tsohon jami'in reluwe wanda ya rubuta tarihinta cikin mujalladi uku. Abin takaici ne a ce yankin da ya fi kowa loda wa waɗannan injina kaya, daga Nguru zuwa Ƙaura, ba shi da irin wannan gida.

Ajiye inji a kan dakali daban, tayar da shi daban. Na kan dakali rumfa yake buƙata da fenti da mai gadi, a rufe bakin bututun hayaƙi don kada ruwan sama ya taru a ciki, a kwashe tsohuwar toka domin idan ta jiƙe tana cin ƙarfe. Iskar Arewa busasshiya ce, tsatsa ba ta saurin cin ƙarfe kamar a Legas, wannan kuwa gata ne ga duk mai son adanawa a nan. Wanda za a hura wa wuta kuwa, maganarsa duk tana kan tukunya. A Birtaniya ana kwance ta a bincika ciki da waje kusan duk shekara goma, a sauya bututu, a gwada ta da ruwa mai matsi kafin a yarda a sa mata wuta. Kayan gyara ba a kanti suke ba, sai an zuba su ko an feƙe su ɗaya bayan ɗaya bisa tsofaffin zane-zane.

A can ma masu sha'awa ne suka ɗauki nauyin. A 1951 'yan sa-kai suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn a yankin Wales, suka zama na farko a duniya da suka gudanar da layin dogo don adana shi. Bayan reluwen Birtaniya ta daina aiki da tururi a 1968, injina 213 aka fanso daga filin wani ɗan gwangwan a garin Barry, saboda ya jinkirta yanka su ya tsaya kan taragu. Misali mafi kusa shi ne na Saliyo. Da aka rufe layinta a 1974, wani layin masu sha'awa na Welshpool ya sayi injin Hunslet guda da wasu taragun fasinja ya kai Wales ya ci gaba da aiki da su, faɗin dogonsu kuwa daidai yake da na Wushishi da Bauchi. Sauran da ma'aikata suka killace a shagon Cline Town a Firitawun su suka zama gidan tarihin reluwe na ƙasar a 2005. Kenya ta buɗe nata a Nairobi tun 1971, Indiya kuma har yanzu tana hawa tsaunin Darjeeling da tururi, a layin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1999.

Ga ƙasar Sakkwato da Zamfara, abin da ya fi gaggawa bai kai tayar da inji tsada ba. Duk wanda ya riƙe shebur ko ya tuƙa mai kwal a layin Ƙaura a yau tsoho ne, kuma sanin yadda ake jin lafiyar inji daga ƙararsa ba a rubuce yake ba. Ɗaukar muryoyinsu, tare da na tsofaffin dillalan fata da direbobin da suka yi jigila tsakanin Sakkwato da Gusau, aiki ne da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu suka isa su yi. Takardun lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna. Gine-ginen tashoshi da gidajen ma'aikata da duk wani tankin ruwa ko sikelin awo da ya rage a kan layin suna buƙatar a ƙidaya su a ɗauki hotonsu, domin sabbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, faɗinsu ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, kuma babu tsohon injin Najeriya da zai iya hawansu.